Ciwon Gwiwa, Ciwon Baya da Ƙagewar Tsoka: Abin da Ya Haɗa Su

Jawabin ma'aikatan lafiya a taron iyalai na sansanin Minawao. An buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabtansa.

Mun gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Wanda zaman tabarma ke damunsa ya miƙe ƙafa, ko ya tashi ya jingina da bango. Ba rashin ladabi ba ne, maganar yau ma a kan haka take.

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu ji ɗayan maganganun nan uku a asibiti ba: "Gwiwata ce," "Bayana ne," "Jikina duk a ɗaure yake." Sau da yawa mutum ɗaya ne ke kawo su duka. Yau ya zo da gwiwa, bayan wata ɗaya ya dawo da baya, kowanne yana neman maganinsa daban.

Kwanakin baya wata uwa ta zo mana da ciwon gwiwar dama. Ta riga ta kashe kuɗi a kan allura wajen mai sayar da magani a kasuwa, an yi mata tsaga, ciwon yana nan. Da abokin aikinmu ya gama duba gwiwar, sai ya ce ta kwanta ya gwada motsin ƙugunta da bayanta. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, gwiwa na kawo maka, me ya kai ka kwankwaso?" Tambayarta tana kan hanya, kuma ita muke so mu amsa wa kowa yau. Amsar a taƙaice ita ce: inda ciwo yake kuka ba lallai nan ne kaɗai tushensa ba. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

Yadda aka haɗa jiki

Babu wanda ke wurin nan da bai san tanti ba. Wasu daga cikinmu ma'aikata ma a cikinsa muka fara kwana da muka iso. Tanti da sanda da igiya yake tsayawa. In aka ja igiyar gabas fiye da kima, sandar sai ta karkata, tamfal ɗin kuma ya yage ta wani gefe daban. Wanda ya ɗinke yagar bai sassauta igiyar ba, gobe ma zai sake ɗinki. A jikin mutum ƙashi ne sanda, tsoka ce igiya.

Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe akuya ya san tsoka, ita ce jan naman. A ƙarshenta akwai farin abu mai tauri da ya ɗaure ta da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige. Da Hausa wannan farin abu jijiya muke ce masa, hanyar jini ma jijiya, haka kuma zaren da ke fitowa daga laka yana kai saƙon ji da motsi. To abubuwa uku ne daban. In muka ce jijiyar laka a wannan jawabi, ta ukun muke nufi.

Ga igiyoyin da suka shafi maganarmu. A bayan cinya akwai tsoka 3. Suna tasowa daga ƙashin da muke zama a kansa, su sauka su kama ƙasan gwiwa. A gaban cinya akwai tsoka 4 da suka haɗu a ƙoƙon gwiwa, ɗaya daga cikinsu tun daga ƙashin ƙugu ta taso. Akwai wata kuma can ciki, wadda hannu ba ya kai mata da sauƙi. Ta taso daga jikin ƙasusuwan ƙasan baya, ta bi ta matsematsi, ta kama saman ƙashin cinya. Mahauta sun san ta, ita ce naman nan mai laushi da ke kwance jikin ƙashin baya ta ciki. Sai sharaɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, wadda ta fara daga saman gwiwa ta baya, ta ƙare a diddige. Na ƙarshe su ne tsokokin ɗuwawu, masu riƙe ƙugu ya tsaya daidai, su hana gwiwa faɗawa ciki idan muka taka.

Kun ga ke nan gwiwa ba ta zaman kanta. Tana tsakanin ƙugu da idon sawu, kuma wasu igiyoyin da ke motsa ta a ƙugu aka ɗaure su. Baya kuwa a kan wannan ƙugun yake zaune.

Hanyoyi uku da ciwo ke bi

Hanya ta farko daga gwiwa take hawa zuwa baya. Mai ciwon gwiwa ɗingishi yake yi, ya jefa nauyinsa a kan ɗaya ƙafar. Kowane taku ƙugu yana karkata, tsokar baya ta gefe ɗaya tana aikin da ya fi ƙarfinta. Kwana biyu ba komai, amma wata uku ana haka sai baya ya fara ƙorafi. Haka kuma gwiwar da ba ta miƙewa sosai tana sa mutum ya tsaya a ɗan duƙe. A shekarar 2003 likitocin ƙashi a ƙasar Japan sun wallafa binciken da ya nuna cewa mutanen da gwiwarsu ba ta miƙewa duka, lanƙwasar da Allah ya yi wa ƙasan bayansu takan ragu. Shi ya sa za ku ga dattijo mai ciwon gwiwa yana tafiya a sunkuye, hannu a kwankwaso.

Hanya ta biyu daga baya take sauka zuwa gwiwa. Ƙasan baya ƙasusuwa 5 ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi. Ta gefensu jijiyoyin laka ke fitowa su sauka ƙafa. Waɗanda ke fitowa wajen ƙashi na 3 da na 4 su ne ke kula da gaban cinya da gwiwa. Na ƙasa da su kuma suna haɗuwa su zama jijiyar laka mafi girma a jiki, mai kaurin kusan ɗan yatsa, wadda ke bi ta ɗuwawu da bayan cinya har tafin ƙafa. In faifai ya turo, ko hanyar ta matse saboda tsufa, jijiyar takan ji haushi a baya, amma mutum ya ji zafin a gwiwa ko a ƙwauri. Kamar fitilar sola ce: ƙwan ya ƙi kamawa, alhali lafiyarsa ƙalau, waya ce ta matse a wani wuri. Irin wannan ciwo yakan zo da jin kamar lantarki, ko tafiyar kiyashi, ko mutuwar wani ɓangare na fata, kuma tari ko atishawa na iya tayar da shi.

Hanya ta uku daga ƙugu take, ta bugi sama da ƙasa a lokaci ɗaya. In gaɓar ƙugu, wato inda ƙashin cinya ya shiga ƙugu, ta ƙage, to duk sunkuyon da ya kamata ta yi, baya ne zai yi mata. In tsokar ɗuwawu ta yi rauni, gwiwa za ta riƙa faɗawa ciki a kowane taku, ƙoƙon gwiwa yana gogar gefe ɗaya. Wannan ne muka samu a jikin uwar nan da muka ba ku labari. Kuma ita gaɓar ƙugu in ta lalace, sau da yawa a gwiwa ake jin zafinta, domin akwai jijiyar laka da ke yi wa su biyun aiki.

Me ya sa tsoka take ƙagewa?

Tsoka takan ɗaure don ta kare wuri mai ciwo, kamar yadda yaro ke ƙanƙame jiki in ya ga allura. Saboda haka wani lokaci ƙagewa ce ke jawo ciwo, wani lokaci kuma ciwo ne ke jawo ƙagewa, daga nan su riƙa ciyar da juna. Tana kuma ƙagewa in ta daɗe a wuri ɗaya. Mai wuni a zaune a kan ƙaramar kujera, tsokar matsematsinsa da ta bayan cinyarsa a naɗe suke wuni. Abu na uku, wanda mutane ba su cika sani ba, tsokar da ake jin ta ɗaure sau da yawa mai rauni ce da ta gaji. Ja kaɗai ba ya isarta, sai an ƙara mata ƙarfi.

Akwai dalili na huɗu da ba za mu tsallake shi ba. Tsoro da baƙin ciki da rashin barci suna ɗaure tsoka, kuma suna sa jiki ya ƙara jin zafi. Wanda ya gudo cikin dare, wanda har yau bai san inda ɗansa ko mijinta yake ba, jikinsa yakan zauna cikin shiri kamar za a sake gudu. Kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, baya a sandare. Ciwon da wannan ke kawowa na gaske ne, ba raki ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. In barci ya ƙaurace muku, ko tunani ya yi yawa, ku faɗa mana tare da maganar bayan. Akwai masu sauraro, kuma abin da aka faɗa a ɗakin asiri ne.

Abin da zaman nan ya ƙara mana

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. A 2019 kuma mutum miliyan 365 ne ke da amosanin gaɓa a gwiwa, wato zaizayewar guringuntsi. Amma rayuwarmu a nan tana da nata kason.

Da yawanmu da ƙafa muka zo, daga Gwoza, Pulka, Banki, Bama da ƙauyukan da ke kewaye, wasu ta kan duwatsun Mandara, da yaro a baya da kaya a ka. Tun da aka buɗe sansanin nan a 2013, waɗanda suka zo da ƙarfinsu sun fara manyanta a cikinsa. Ga kuma aikin yau da kullum. A tafiya ta yau da gobe, nauyin da ke sauka a kan gwiwa a kowane taku yakan kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin mutum, a gangara kuma ya fi haka. Jarka mai lita 20 in ta cika kilo 20 ce. Wato ga gwiwa, ƙarin kilo 40 zuwa 60 ne a kowane taku, tun daga famfo har gida. A haɗa da goyo, da tafiyar neman itace, da shara da gajeriyar tsintsiya, da wanki a sunkuye, da tsayuwar layi.

Iyayenmu maza kuma matsalarsu ta wani gefen ce. Mutumin da ya saba wuni a gona, yanzu babu gonar, sai zama a gindin bishiya. Tsoka in ba ta aiki raguwa take yi. Ranar rabon abinci kuma sai ya sunkuya ya ɗaga buhu da ƙarfin da yake tunanin har yanzu yana da shi. Aiki fiye da kima da zama fiye da kima, duk wuri ɗaya suke kai mutum.

Ga albishir: a cikin masu ciwon ƙasan baya 10, kusan 9 ba wata muguwar cuta ko karaya ke damunsu ba, kuma yawancin sabon ciwon baya yakan yi sauƙi sosai cikin mako 6. Bayan mutum abu ne mai ƙarfi, ba tulu ba ne da zai fashe don an motsa shi.

Ku gwada da kanku a gida

Na ɗaya, ku zauna a tabarma ku miƙe ƙafafu. Bayan gwiwoyin biyu suna sauka ƙasa daidai, ko ɗaya ta tsaya a sama? Na biyu, ku kwanta rigingine, wani ya ɗaga muku ƙafa ɗaya a miƙe sannu a hankali. In kun ji ja a bayan cinya, tsoka ce. In kun ji zafi ya harba kamar lantarki ya wuce gwiwa zuwa ƙasa, wannan alamar jijiyar laka ce, ku zo mu duba. Na uku, ku tashi daga kan benci ba tare da dafa komai ba, ku kalli gwiwoyinku. Suna kallon gaba, ko suna faɗawa ciki suna neman haɗuwa? Na huɗu, ku tsuguna kuna riƙe da wani abu. In diddigen ƙafa ɗaya yana ɗagawa ɗayan bai ɗaga ba, sharaɓar wannan ƙafa ko idon sawunta ya ƙage. Abin da kuka gani ku faɗa mana in kun zo, zai taimaka mana ƙwarai.

Motsi 7 da ba sa cin ko sisi

Tabarma da bango da zani kawai ake bukata. Iyayenmu mata za su iya yi a cikin ɗaki, ba sai kowa ya gani ba. A fara da ɗan zagaye na minti 5 don jiki ya yi ɗumi, musamman da hunturu.

1. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Karkata gwiwoyin dama, sannan hagu, a hankali, sau 10. Wannan yana sassauta ƙasan baya, ya fi daɗi da asuba kafin a tashi.

2. Kana kwance, zagaya zani ko rawani a bayan cinya ɗaya, jawo ta wajen ciki, sannan miƙe gwiwar har ka ji ja a bayan cinya. Tsaya haka ka ƙirga 30. Sau 3 kowace ƙafa.

3. Ninka bargo ka durƙusa a kai da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba. Matse ɗuwawu, tura ƙugu gaba kaɗan ba tare da gantsarewa ba, har ka ji ja a matsematsi. Ƙirga 30. Wanda durƙuso ke yi wa zafi ya yi a tsaye, ƙafa ɗaya a baya, yana dafe da bango.

4. Dafa bango da hannu biyu, mayar da ƙafa ɗaya baya a miƙe, diddige a ƙasa. Matsa gaba har ka ji ja a sharaɓa. Ƙirga 30, sau 3.

5. Zauna ka miƙe ƙafa, sa naɗaɗɗen tsumma a ƙarƙashin gwiwa. Danna gwiwar a kan tsumman har tsokar gaban cinya ta yi tauri. Ƙirga 5, ka saki. Sau 10.

6. Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe. Matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu daga tabarma, ƙirga 3, ka sauke a hankali. Sau 10.

7. Zauna a benci mai ɗan tsawo, tashi tsaye, koma ka zauna a hankali, gwiwa tana kallon yatsun ƙafa. Sau 10. Dattijo ya fara da dafa hannu, in ƙarfi ya zo ya daina.

Huɗun farko na sassautawa ne, ana iya yin su kullum. Ukun ƙarshe na ƙarfafawa ne, a yi su aƙalla kwana 3 a mako. Kada a riƙe numfashi, kada a fizga. Jin ja ko ɗan tsami ba laifi ba ne. Amma in zafi ya harba ƙafa, a tsaya. In gari ya waye ciwon ya fi na jiya, an yi da yawa ne, a rage rabi, kada a bari gaba ɗaya. Ƙarfin tsoka ba ya zuwa a kwana uku, ku ba shi mako 6 zuwa 12 kafin ku yanke masa hukunci. Mai ciki, da wadda ta haihu kwanan nan, da wanda aka yi wa aiki, su tambaye mu tukuna.

Gyaran aikin yau da kullum

Ba za mu ce ku daina ɗebo ruwa ba, mun san ba zai yiwu ba. Amma ana iya rage wahalar. Jarka biyu masu lita 10, ɗaya a kowane hannu, sun fi mai lita 20 a hannu ɗaya tana karkatar da mutum. In za a ɗaga kaya, a matso da shi jikin ƙafa, a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, a tashi da shi a manne da jiki, kada a murɗa baya da kaya a hannu. In za a ɗora a ka, a sa gammo, a kira wani ya kama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar rabo a raba buhu gida biyu, ko maƙwabta su haɗu su nemi baro. Samari, wannan aikinku ne, kada ku bar iyayenku mata da shi. Yara ƙanana kuma kada a ɗora musu jarkar manya.

A ɗaura wa tsintsiya sanda ta yi tsawo. A ɗora bahon wanki a kan dutse ko turmi, ko a zauna a yi. A riƙa sauya gefen da ake saɓa yaro. Mai dogon zama, ko tela ne ko mai saƙar hula ko mai hira a majalisa, ya tashi ya taka duk bayan rabin awa. Silifa in ya cinye ta gefe ɗaya yana karkatar da ƙafa, in da hali a sauya. Wanda tsuguno a bayan gida ke wahalarwa, a kafa masa sanda mai ƙarfi ko a ɗaura igiya da zai riƙe. Mai ciwon gwiwa ɗaya ya riƙe sandar dogarawa a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba. In za a kwanta a gefe, a sa ninkakken zani tsakanin gwiwoyi. Wanda sujada ko durƙuso a coci ya gagare shi a kwanakin ciwo, ya tambayi malaminsa, addini ya yi sauƙi ga marar lafiya ya yi ibada a zaune.

In baya ya riƙe, kwanciya ta wuni ɗaya ko biyu ta isa. Wanda ya kwanta mako guda zai tashi ya tarar jiki ya ƙara ƙagewa, ƙarfi ya ragu. A riƙa ɗan takawa ko da zagayen gida ne.

Maganar magani

Gashi da tsumma mai ɗumi da tausa da man kaɗanya suna sassauta tsoka, ku yi abinku, sai dai ban da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi. Sakiya da tsaga kuwa ba sa kaiwa inda matsalar take, sai su bar gyambo, kuma aska ɗaya a jikin mutum da yawa tana yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.

Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi na ɗan lokaci, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini. Mai ciki kada ta sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Ku guji ƙullin ƙwayoyi barkatai da masu talla ke haɗawa, domin akan sa dexamethasone a ciki, wanda in an daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi. Tramol kuma, muna roƙon samarinmu masu aikin ƙarfi, ku nisance shi. Yana ɓoye ciwo har mutum ya ƙara ji wa kansa rauni, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa. Ta ƙarfafa motsa jiki da fahimtar ciwon, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar baya ko magunguna dangin tramol.

Alamomin da ba a jira da su

Duk abin da muka faɗa na ciwon yau da kullum ne. Amma in aka ga ɗayan waɗannan, a zo asibiti a ranar, ko da dare ne:

Ciwon baya tare da kasa yin fitsari, ko fitsari ko bayan gida yana zubowa ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu. Ƙafa tana rasa ƙarfi, ko tana jan ƙasa. Gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi. Sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance. Faɗuwa ko haɗari, mutum ya kasa taka ƙafar.

Waɗannan kuma a zo cikin kwana ɗaya ko biyu: ciwon baya da ke hana barci ko an kwanta, tare da rama, zufar dare, zazzaɓi ko tari mai daɗewa, ko wani ƙashi ya fara turowa a gadon baya. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya, kuma yana warkewa in an fara magani da wuri. Haka yaron da ke ɗingishi ko yake kukan gwiwa ba tare da ya faɗi ba, a kawo shi a duba ƙugunsa, kada a ce girma ne. In da zazzaɓi, a kawo shi nan take. Mai sikila da ya fara ciwon ƙugu ko gwiwa shi ma kada a jinkirta. Abin da ya fi ƙarfinmu a nan, za mu tura shi asibitin Mokolo.

Uwar nan da muka fara da labarinta, ba mu ce ta warke sarai ba. Guringuntsin da shekaru suka cinye ba ya komawa sabo. Amma ta riƙe motsin nan, 'yarta tana ƙirga mata, ta kuma raba ruwanta jarka biyu. Da ta dawo bayan wata biyu, ta zauna ta tashi daga benci ba ta dafa komai ba, ta ce kwankwason ma da ba ta kawo ƙararsa ba ya yi sauƙi. Kuɗin allura kuma yanzu na cefane ne.

Abin da muke roƙo ke nan. In kun zo da gwiwa muka duba baya, ko kun zo da baya muka ce ku taka mu gani, ku yi mana haƙuri, igiyar muke nema. Ku zaɓi motsi biyu ko uku ku fara yau da daddare, ku kuma nuna wa tsohon da ke kusa da ku wanda bai iya zuwa ba. Yanzu za mu shimfiɗa tabarma, maza a wannan gefe, mata a cikin ɗaki tare da ma'aikatanmu mata, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.